Dalar da Ta Ƙi Fita a Hoto: Nazarin Aikin Ɗaukar Hoton Tarin Tsoffin Sulalla

Kawuna ya haura shekara 30 yana tara tsoffin sulalla na ƙasashen duniya. Da ya ajiye aiki sai ya ƙudura abu biyu: ya haɗa kundin duk abin da ya tara, kowace kwandala da hotonta gaba da baya, ya kuma sayar da waɗanda yake da su biyu-biyu ga masu irin wannan sha'awa ta intanet. Tarin bai cika 200 ba, amma gauraye yake. Akwai dalolin azurfa na Amurka, akwai fam na zinariya na Ingila, akwai talar Mariya Tariza ta Ostiriya, da kwabban tagulla na zamanin Sarauniya Biktoriya, da wasu 'yan ƙananan azurfa na daular Rum da ake kira dinariyus. Kowace da halinta a gaban kyamara, kamar yadda na gane daga baya.

Kwandala ɗaya ce ta jawo ni cikin maganar: dalar Morgan ta 1881 mai alamar S, wato bugun San Faransisko. Masu tarin sulalla sun san bugun wannan gida na wannan shekara da kyawun fita da tsananin sheƙi, ta kawu kuwa ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba balle ta goge. In ka juya ta ƙarƙashin fitila sai ka ga haske na zagaya fuskarta kamar wayoyin ƙafar keke. Ya ɗauke ta a hoto ya saka a kasuwa. Mutum uku suka tuntuɓe shi, dukansu da tambaya guda: an wanke ta ne? A wannan harka babu tambayar da ta fi wannan ciwo, don wankakkiyar kwandala darajarta faɗuwa take yi warwas. Kawu ya kira ni ransa a ɓace.

"Ɗana, kyamarar nan ta tsufa. Zo ka raka ni in sayi wata."

Na ce, "Kawu, a bari in ga hotunan tukuna, in ga kuma inda aka ɗauke su."

Abin da na tarar

Ya yi gwaji iri biyu kafin ya kira ni. Na farko da waya da fitilar nan mai zagaye kamar zobe. Lensin waya mai faɗin gani ne, sai an matso da shi dab da kwandala kafin ta cika hoto, kuma da an matso sai wayar ta tare haske, har inuwarta ta fito baƙi a tsakiyar azurfar. Ga kuma manhajar wayar da ke ƙara wa hoto kaifi da kanta, ta mayar da ɗan ƙaramin tabo kamar rami. Da wannan ya ƙi sai ya ɗauko kyamararsa ya sayi ɗan tantin farin yadi da ake ɗaukar hoton kayan sayarwa a ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙyallin da ke kashe ido ya tafi, amma ya tafi da sheƙin gaba ɗaya. Dalar ta fito toka-toka, shafe, kamar murfin gwangwani. Ni ma da wannan hoto kaɗai na gani, tambayar da zan yi ke nan.

Kyamarar kuwa lafiyarta ƙalau. Mai megafiksel 24 ce, hotonta fiksel 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, sensarta kuma, wato ɗan faifan da ke kama hoton a cikinta, irin ta APS-C, wajen milimita 23.5 da 15.6. Faɗin dalar Morgan milimita 38.1 ne. In ta cika fiksel 3,600 na hoton, kowace milimita guda ta samu sama da fiksel 90. Wannan ya isa a ƙirga silin gashin da ke saman kunnen matar da ke jikin dalar, inda masu auna daraja suke fara dubawa. Na yi wa kawu wannan lissafi a bayan ambulan, ya dube shi ya ce, "To in ba kyamara ba ce, mene ne?"

Amsar ita ce ginshiƙin duk aikin da muka yi bayan nan. Kwandalar ƙarfe madubi ce mai tudu da kwari. Takarda ko yadi suna watsa haske ko'ina, daga duk inda ka haska su za ka gan su. Ƙarfe mai santsi mayar da haske yake yi ta fuska ɗaya, a kan kwanar da ya zo a kanta. Saboda haka abin da kyamara ke gani a jikin kwandala hoton fitilar ne da ɗakin da ke kewaye da ita. In fitila tana ƙasa-ƙasa a gefe, hasken da ya bugi shimfiɗaɗɗen filin kwandala zai tsallake ɗaya gefen bai shiga lensi ba, filin ya fito baƙi, bakunan zane kaɗai su yi fari. In fitila ta hau sama kusa da lensi, filin ya yi haske.

Shi kuma sheƙin da ake magana yana da asali. Sa'ad da hatimin bugu ya danne faifan azurfa, ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar siraran layuka da ido ba ya iya rabewa. Ƙaramar fitila guda in ta haska waɗannan layuka, sai waɗanda suka dace da kwanarta kaɗai su ɗauki haske, a ga ɗamara biyu masu walƙiya suna fuskantar juna, sauran wurin kuma da duhu-duhu. Wannan saɓani na haske da duhu shi ido ke kira sheƙi. Tanti yana kawo haske daga kowace fuska lokaci guda, duk layukan su haskaka daidai wa daida, saɓanin ya mutu. Wankakkiyar kwandala ma abin da ya same ta ke nan, an goge layukan. Ashe tantin kwaikwayon wanki ya yi wa dalar, masu tambaya ba su yi laifi ba.

Fitilu

Muka naɗe tantin. Na kawo fitilun tebur biyu na LED masu wuyan da ake lanƙwasawa, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Abu biyu na duba a jikin kwalinsu. Na farko launin hasken, wanda ake aunawa da Kelbin: ƙwan fitila mai zare yana wajen 2,700, haskensa ja-ja ne, hasken rana tsaka kuma wajen 5,000 zuwa 5,500. Na zaɓi 5,000. Na biyu lambar CRI, wadda ke nuna yadda fitila ke fito da launuka na gaskiya, ƙarshenta 100. LED mai araha takan tsaya wajen 80, kuma inda ta fi gazawa shi ne ja, launin da zinariya da tagulla suka dogara a kansa. Na nemi mai 95. Fitilar halojin tana fito da launi da kyau, amma zafinta ya yi yawa ga wanda zai wuni da fuskarsa kusa da ita, kuma ba na son ta kusa da kwanson robar da aka rufe wasu sulallan a ciki.

Idan ka ɗauki kwandala a matsayin fuskar agogo, fitila ɗaya ta zauna a ƙarfe 10, ɗaya a ƙarfe 2, dukansu a sama sosai, kusa da lensi iya yadda zai yiwu. Hoton farko da muka ɗauka haka, kawu ya miƙe tsaye. Ɗamarar haske huɗu suka bayyana a fuskar dalar. Amma kuncin matar ya ƙone fari fat, babu komai a cikinsa. Sai na manna wa kowace fitila fallen farar takarda mai shara-shara guda ɗaya, da ɗan tazara daga ƙwan. Da na ƙara falle na biyu sai muka fara komawa gidan jiya, sheƙin ya soma dushewa. Falle ɗaya muka tsaya.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba a nan: taushin haske ya danganta da girman fitila a idon kwandala. Fitilar da ke nesa ƙarama ce a wurinta, haskenta mai kaifi. In ka matso da ita ta girma, hasken ya yi laushi. Kuma in ka ninka nisan, ƙarfin hasken da ke isa kwandala komawa yake kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka matsar da fitila da ɗan yatsa biyu kan canja hoto fiye da duk wani maɓallin da ke jikin kyamara. Mun ɓata yini guda cur a kan dala ɗaya muna matsarwa muna dubawa, kuma ban ɗauki wannan yini a asara ba.

Ranar ce kuma muka kama wani ɓarawon. Hotunan safe gefensu ɗaya shuɗi-shuɗi, na dare kuma rawaya-rawaya. Taga ce da ƙwan silin. Kyamara tana iya daidaita launin haske iri ɗaya, ba ta iya daidaita iri uku a hoto guda. Muka rufe labule, muka kashe ta sama, muka ɗauki hoton wani kati mai ruwan toka da masu ɗaukar hoto ke daidaita launi da shi, a daidai inda kwandala ke zama, muka saita farin kyamara a kansa, ba mu sake bari ta zaɓa da kanta ba. Har rigar da mutum ya sa tana shiga: wata rana kawu ya sunkuya da jar riga, azurfar ta ɗauki ja. Daga nan baƙar riga ta zama kayan aiki.

Abu ɗaya da muka saya, da kuskuren da na yi

Lensin da ya zo da kyamarar, mai milimita 18 zuwa 55, yana iya ɗaukar dala, amma sai ya sauko kusa da ita ƙwarai, ya toshe wa fitilu hanyar hawa sama. Ga ƙananan dinariyus kuwa, masu faɗin da bai kai milimita 20 ba, ya gaza sam, sai su zama ɗigo a tsakiyar hoto. Nan ne kaɗai na yarda a kashe kuɗi. Muka sayi lensin makro mai milimita 100, na hannu. Makro na gaske yana kai girman abu ɗaya bisa ɗaya, wato abu mai milimita 15 ya zauna milimita 15 a kan sensa. Amma abin da ya fi wannan amfani a wurinmu shi ne tazara: don dala ta cika hoto, bakin lensin yana tsayawa kusan santimita 30 daga gare ta. Fitilu suka samu wurin shiga. Makro mai milimita 50 ko 60 kaifinsa ba shi da laifi, tazarar ce ba ta kai ba. Su kuma na'urar saita ido da kanta da ta hana girgiza, waɗanda ke tsadar da sabon lensi, ba su da aiki a nan, da hannu ake saitawa kuma kyamara a ɗaure take.

Ɗaurin ma sai da muka gyara. Kawu yana amfani da mai ƙafa uku, ya karkato kan kyamara ƙasa, ƙafafun suna tare fitilu, kan kuma yana sulalewa a hankali saboda nauyi. Muka samo tsohon ginshiƙin injin wanke hoto na zamanin fim, mai faranti a ƙasa da marfin ɗagawa da saukewa, muka ɗaura kyamarar a kai tana kallon ƙasa. Muka jona ta da kwamfuta da waya, ta yadda ake ganin kwandala a babban allo ana kuma ɗauka ba tare da an taɓa kyamarar ba. A irin wannan kusanci, danna maɓalli da yatsa kaɗai ya isa ya jijjiga hoto.

Nan na yi nawa kuskuren. Na lura saman dalar yana fita tangaran, ƙasan inda shekara take kuma biji-biji. Na ce zurfin saiti, wato kaurin wurin da ke fita tangaran a hoto, ne ya yi kaɗan, na matse ƙofar lensi zuwa f/22. Sai duk hoton ya yi laushi, sama da ƙasa. Na manta cewa a aikin kusa lambar da ke rubuce ba ita ce ta gaskiya ba: ana ninka ta da ɗaya haɗe da girman ɗauka. A girman 0.4 da muke ɗaukar dala, f/22 ta zama kusan f/31, a ɗaya bisa ɗaya kuma f/44. Haske in ya bi ta ƙofa mai ƙanƙanta haka bazuwa yake yi, kaifi ya tafi, kuma babu lensin da ya tsira daga wannan komai tsadarsa.

Ciwon na ainihi karkata ce. Kyamarar ba ta kallon farantin kai tsaye. Maganinsa ɗan madubi ne: ka ajiye shi a inda kwandala ke zama, ka duba allo, ka yi ta gyara kan kyamara har hoton bakin lensi ya zauna a tsakiyar allo cif. In ya zauna, sensa da faranti sun daidaita. Da muka yi haka muka koma f/8, ISO (ma'aunin saurin kama haske na sensa) 100, dalar ta fita daga baki zuwa baki. A wannan girma f/8 tana ba da zurfin da ya kai 'yan milimita, tudun zanen dala kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Lokacin ƙiftawa ya yi tsawo, wani lokaci kwata na daƙiƙa, amma kwandala ba gudu take ba. Tsawon ma ya yi mana rana, don wasu fitilun LED suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, kuma gajeren lokaci kan bar ratsi-ratsi a hoto.

Waɗanda suka ƙi bin tsarin

Fiye da rabin tarin ya wuce da fitila biyu ba gardama. Sauran ne suka koya mana aiki.

Fam ɗin zinariya, mai faɗin milimita 22.05 da nauyin giram 7.98, zinariya ce mai karat 22, a bayanta zanen mahayin doki yana sukar dodo, aikin Benedetto Pistrucci da aka fara bugawa a 1817. A allo ta fito kamar an shafa mata fenti ruwan lemo, cinyar dokin babu zane. Jadawalin haske na kyamara ya ce komai lafiya. Sai da na buɗe jadawalin launuka uku daban-daban na ga ja ya bugi bango tun tuni, kore da shuɗi kuwa suna da sauran wuri. Muka rage hasken ɗauka da kashi biyu cikin uku na mataki, tsokar dokin ta dawo. Baƙin yadin da muka shimfiɗa a ƙasa shi ma yana ruɗin ma'aunin kyamara, ta ga duhu ta ƙara haske, shi ya sa muka bar komai a saitin hannu.

Sai wata dalar da ta daɗe a cikin ambulan takarda har ta rine, gefenta ya yi shuɗi da shunayya da ruwan zuma. Wannan rini siririn ɓawo ne da sinadarin farar wuta ke haifarwa a kan azurfa, launinsa kuma daga kaurin ɓawon yake, irin launin da ake gani a kumfar sabulu. Ba ya bayyana sai hasken ya bugi filin ya dawo cikin ido kai tsaye. Da fitilunmu na gefe, dalar ta fito kamar mai datti. A nan muka yi dabarar gilashi. Ana kafa fallen gilashi siriri tsakanin lensi da kwandala a karkace, digiri 45. Fitila tana haska gilashin daga gefe, a kwance. Wani kaso na hasken ya karya ya sauka kan kwandala daga sama sak, kamar daga cikin lensin yake fitowa, ya dawo ya ratsa gilashin ya shiga kyamara. Dole a kare kwandalar daga hasken fitila na kai tsaye da ɗan kwali, a kuma rataya baƙin yadi a ɗaya gefen ya shanye hasken da ya wuce, in ba haka ba hoton bangon ɗaki zai hau kan hoton kwandala kamar hazo. Gilashin firam ɗin hoto muka yi amfani da shi. Yawancin hasken ɓacewa yake, ɗauka ta kai daƙiƙa biyu. Amma launukan suka fito har kawu ya ce bai taɓa ganinsu haka ba sai in ya karkata ta a bakin taga. Aibin dabarar shi ne tana danne sheƙi, don haka wannan dala hoto biyu muka yi mata, ɗaya na launi ɗaya na sheƙi.

Waɗanda ke rufe cikin kwanson roba na kamfanonin tantancewa su suka fi ba mu wuya. Irin waɗannan kamfanoni, kamar PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suna ba kwandala maki a sikelin Sheldon mai lamba 1 zuwa 70 su like ta, kuma fasa kwanson zubar da shaidar ne. Robar shimfiɗaɗɗiya ce mai santsi, dabarar gilashi ba ta aiki a kanta, don ita za ta fara mayar da hasken ta rufe komai da fari. Na gwada matatar polaraiza, ba ta tsinana komai ba, saboda ƙyallin roba ba ya tacuwa sai in ya zo a karkace sosai, namu kuwa daga sama yake. Abin da ya yi aiki haƙuri ne: a ɗaga fitila a hankali har hotonta ya leƙo bakin kwandala a jikin robar, sannan a ja da baya kaɗan. Kwarzanen da shekaru suka bari a jikin kwanson kuma muka rage shi da man goge roba. Kwanson kaɗai, na nanata wa kawu, ko da yake shi ya fi ni sanin haka. Kwandalar da ke a buɗe iyakarta a hure mata ƙura da famfon roba, a riƙe ta ta gefe da safar hannu.

Dinariyus na Rum da guduma aka buga su, ba su da zagaye sosai, ba su kwanta daidai ba, kan sarkin kuma ya yi tudu sosai. Ba sheƙi ake nema a jikinsu ba, siffa ake nema da rubutu. Fitila ɗaya muka bar musu, mai laushi, daga sama ta ɓangaren da fuskar ke kallo, da farin kati a ɗaya gefen yana mayar da ɗan haske cikin inuwa. Hasken ya zo daga saman hoto, wannan wajibi ne. Mun gwada daga ƙasa sau ɗaya, sai kan sarkin ya koma kamar rami, domin ƙwaƙwalwar mutum ta saba haske daga sama yake zuwa. A kusa da ɗaya bisa ɗaya zurfin saiti a f/8 bai wuce milimita guda ba, don haka muka riƙa ɗaukar hoto bakwai ko takwas, kowanne an ɗan matsar da saitin, manhajar Helicon Focus ta haɗe su wuri ɗaya. Muka kuma ɗora kowace a kan ɗan guntun toshiyar kwalba don ta rabu da shimfiɗa, inuwa ta faɗi can ƙasa inda ba ta fita.

Talar Mariya Tariza matsalarta a gefe take. Duk wadda aka sake bugawa bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da shekarar 1780, ko da kuwa ƙarni biyu ne tsakani, don haka mai saye yana son ganin ƙananan alamu da rubutun da ke zagaye da kaurinta, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Muka ciro kwanon azurfa-azurfa na cikin tsohuwar tocila, muka kwantar da talar a tsakiyarsa a kan ɗan matashi. Daga sama sai ga rubutun gefen gaba ɗaya ya fito a jikin kwanon kamar zobe, a juye, kwamfuta ta miƙe shi.

Saɓanin da muka samu

Ana cikin aiki muka zo kan wata dala ta 1921. Fitila na ƙarfe 10 da 2, ta fito tas kamar yau aka buga ta. Da na kashe ɗaya na cire wa ɗayar takarda na zagaya da ita, a wajen ƙarfe 4 sai wasu siraran karce suka tashi a filin gaban fuskar, duk sun miƙe hanya ɗaya. Wani can baya ya taɓa goge ta da ƙyalle. Irin wannan karce ba ya kama haske sai fitila ta zo masa a gicciye, in ta bi tsawonsa ɓacewa yake yi.

Kawu ya ce, "Ai na farkon ma hotonta ne. Ba mu taɓa shi a kwamfuta ba."

Na ce, "Haka ne, Kawu. Amma wanda ya saya zai juya ta a hannunsa, kuma zai kai ƙarfe 4."

Ya yi shiru. Ya ɗauki gilashin ƙara girma ya daɗe yana kallonta. Shi da aka zarga da sayar da wankakkiya alhali ba haka ba ne, yanzu ga wankakkiyar gaske kuma fitila na iya rufa mata asiri. A ganina wannan ne wurin da aikin ya fi haɗari, don babu wanda zai kama ka da gyaran hoto, ba ka yi ba. Zaɓen inda fitila za ta zauna kaɗai ya isa. Daga ƙarshe ya ce a saka duka biyun, a rubuta a ƙasa cewa an taɓa goge ta. Muka mayar da shi ƙa'ida: kowace kwandala sai an zagaya ta da fitila ɗaya tsirara kafin a ɗauki hoton kundi, kuma gwajin ƙarshe shi ne kawu ya riƙe ta a gefen allo ya kwatanta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gyaran kwamfuta muka taƙaita shi ga yanke gefe, daidaita fari da katin toka, da fitar da hoto a tsarin launi na sRGB wanda yawancin alluna ke ganewa. Ainihin fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton kamar yadda kyamara ta ɗauke shi, kuma yana ajiye, da lambar kwandala a sunansa.

Inda aka kwana

Aikin ya ci mako biyar, galibi da yamma. Muka jera sulallan bisa faɗinsu don kada a yi ta ɗaga kyamara ana saukewa, muka manna tef a jikin ginshiƙin a tsayin kowane rukuni, kawu kuma ya buɗe littafi yana rubuta inda fitila ta zauna ga kowane iri. Daga mako na uku shi kaɗai yake yi.

Dalar 1881 ta koma kasuwa da sabon hoto, babu wanda ya sake tambayar wanki. Duk da haka hoto tsayayye yana kama sheƙin ne a wuri ɗaya, juyawarsa kuwa ita ce abin da mai saye ke so ya gani. Sai muka ƙara ɗan bidiyo na daƙiƙa 10, fitila ɗaya, dalar a kan faifai ana juya ta a hankali. Wayar da muka raina da farko ita ta yi wannan, an ja ta baya an yi amfani da lensinta mai jawo nesa.

Kwabban tagulla na Biktoriya ne har yau ba mu gama da su ba. Masu tantancewa suna raba launin irin waɗannan gida uku, ja, ja mai ruwan ƙasa, da ruwan ƙasa, kuma tsakanin gida da gida akwai bambancin daraja mai yawa. Akwai guda 11 da ke kan iyaka. A allon kwamfutata sun dace da abin da ke hannu, a wayar kawu kuma sun fi ja, don allonta yana ƙara wa launi ƙarfi, kuma ba mu da iko da allon mai saye. Yanzu muna gwada ajiye ɗan yankin katin toka a kusurwar kowane hoto, mai kallo ya auna allonsa da shi. Kawu bai gamsu ba tukuna, ya ware su a tire daban.